Ciwon hanta da kumburin hanji: wa zai yi bincike a kan marasa lafiyarmu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina juya shi a zuciyata tun ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibitin gwamnati, inda na yi shekara 32 kafin in yi ritaya, amma ban ɗauki alƙalami ba sai da abin ya shigo cikin gidanmu.

Ɗan ƙanena tela ne, shekararsa 26. Kusan shekara 3 ya yi yana fama da gudawa mai haɗe da jini da majina, wadda takan lafa na wata biyu ko uku sannan ta dawo fiye da da. A kemis aka ce atuni ne, aka ba shi Flagyl, ya sha har bakinsa ya riƙa yi masa ɗanɗanon ƙarfe. Mai maganin gargajiya ya ce basir ne mai jini, ya cika masa jarka da jiƙo. Idan ciwon ya motsa yakan zagaya sau 10 a wuni, ban da na dare, har ta kai ya matsar da kekensa bakin ƙofar shago domin kada ya riƙa tsallake yaransa idan ta matsa shi. Ya daina tsayawa a sahun gaba a masallaci, daga baya ma ya daina zuwa Juma'a, kuma wandon da ya ɗinka wa kansa da ƙaramar Sallah, kafin babbar Sallah sai da ya rage masa ƙugu har sau biyu. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina duba bayan gidan mutane a madubin likita, sau uku ina kai nasa wurin tsofaffin abokan aikina ba a ga ƙwan tsutsa ko ƙwayar atuni ba, amma duk da haka ban kawo wata cuta daban a raina ba. Ina faɗin wannan ne domin a san cewa rashin sanin bai tsaya a kan mai kemis kaɗai ba.

A ƙarshe aka kai shi wani asibitin koyarwa, aka zura masa na'urar leƙa hanji mai kyamara, aka tsinko 'yar tsoka aka aika ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna cutar da likitoci ke kira alsaretib kolaitis, wato kumburi da gyambo a bangon babban hanji. Mun ɗauka wahala ta zo ƙarshe. Sai dai likitan, kafin ya rubuta ko da ƙwaya ɗaya, ya tura shi gwajin hanta da hoton ƙirji, gwajin kuma ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda mai yiwuwa tun yana goye take jikinsa. Likitan ya dube ni ya ce: "Baba, aikin ya zama biyu. Maganin da zai kwantar da hanjin nan garkuwar jiki yake dannewa, garkuwar kuma ita ce ke riƙe da ƙwayar da ke cikin hantarsa. In na yi garaje, garin neman gira sai mu rasa ido." Na tambaye shi wace ƙa'ida yake bi a irin wannan hali, ya ce ta Turai da ta Amurka, yana yi mata kwaskwarima da abin da idonsa ya gani a wurin aiki. Amsar nan ita ce dalilin wannan wasiƙa, domin tana nufin cewa ma'aunin da ake auna marasa lafiyarmu da shi, a jikin wasu mutane aka yanke shi, a ƙasashen da ciwon hanta da tarin fuka da atuni ba su yi katutu irin na nan ba.

Kumburin hanji mai naci iri biyu ne. Akwai wanda ya kama yaron namu, wanda likita Samuel Wilks ya siffanta a Landan a 1859, yana farawa daga dubura ya haura cikin babban hanji. Akwai kuma cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a asibitin Mount Sinai na New York a 1932, ita kuma tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. A dukkansu garkuwar jikin mutum ce ke juyawa ta riƙa yaƙar hanjinsa, saboda haka ba a ɗaukar su daga wani, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da su. Lokacin da muke makaranta an koya mana cewa cututtukan Turawa ne. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna cewa a ƙasashen Yamma da dama masu fama da su sun haura mutum 3 cikin kowane 1,000, kuma tun daga 1990 adadin sababbin masu kamuwa yana hawa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da ke komawa rayuwar birni. Abin da aka rubuta daga Najeriya galibi rahotanni ne na asibitoci ɗaiɗai a kan marasa lafiya 'yan ƙalilan. Cutar da ba a iya tabbatar da ita sai an leƙa hanji da na'ura, a ƙasar da na'urar ta taƙaita ga manyan birane kuma kuɗin aikin ya fi ƙarfin talaka, dole ne a ce ba ta da yawa, ko da kuwa tana da yawa.

Wahalar likita a nan ta fi ta takwaransa na Landan, saboda cututtuka uku na ƙasarmu suna shigar burtu da wannan ciwo. Atunin amiba yana yin gyambo a babban hanji wanda ido ba ya saurin bambanta shi da kolaitis, kuma idan aka kuskure aka ba mai amiba maganin danne garkuwa irin su firednisolon, hanjinsa na iya hujewa. Tsargiyar hanji, wadda ake samu a wuraren noman rani da madatsun ruwa, kamar yadda ta daɗe tana addabar manoman Jazira a Sudan, tana kawo jini a bayan gida, sannan ƙwanta ya taru a hanta ya taurare jijiyoyinta har saifa ta kumbura mutum ya riƙa aman jini. Na uku kuma mafi rikitarwa shi ne tarin fuka na hanji, wanda yake kama daidai wurin da cutar Crohn take kamawa, har a madubin likita sukan yi kama da juna. Likitocin Indiya sun sha fama da wannan ruɗani, amma maimakon su jira Turai ta warware musu, sai suka zauna suka bi marasa lafiyarsu shekara da shekaru, musamman a babban asibitin koyarwa na Delhi, har suka fitar da hanyar da ake bi idan an kasa bambancewa: a fara da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku, a ga yadda jiki ya karɓa, sannan a sake leƙa hanjin a ga ko gyambon ya warke. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, saboda haka wannan tambaya tamu ce kamar yadda take ta Indiya, kuma babu tabbacin cewa amsarsu za ta zauna daidai a jikinmu sai mun gwada.

Bari in kawo misali daga teburin da na sani. A 1955 Sidney Truelove da Leslie Witts na Oxford suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa masu kolaitis sama da 200, inda aka raba su gida biyu, aka ba wasu kotizon, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, aka ga waɗanda suka sha kotizon sun fi samun sauƙi kuma sun fi tsira da rai. A cikin wannan aiki ne suka tsara ma'aunin gane ciwo mai tsanani, wanda har yau shi ake amfani da shi a duniya: zagayawa da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90, ko ƙarfin jini ƙasa da 10.5, ko gwajin saurin kwanciyar jini ya haura 30. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji a Arewa ya san cewa mace mai shayarwa ko saurayin da zazzaɓin sauro ya kayar kwanan nan za su iya shigowa da ƙarfin jini 10 suna tafiya da ƙafarsu, kuma gwajin kwanciyar jini yakan hau saboda dalilai goma da ba su shafi hanji ba. Ma'aunin yana da kyau, amma mutanen Oxford na shekara 70 da suka wuce aka auna da shi, kuma likitanmu yana buƙatar ya san inda layin ya kamata ya tsaya a nan.

Haka abin yake a wajen magunguna. Azatayofirin tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi da ake ba masu kumburin hanji domin kada ciwon ya dawo, kuma a Turai an daɗe da gano wani gwajin gado da ke nuna wanda maganin zai lalata wa ɓargo. Likitocin Koriya ta Kudu suka lura cewa marasa lafiyarsu suna cin wannan gwaji lafiya lau, amma fararen ƙwayoyin jininsu suna zubewa kuma gashinsu yana kakkaɓewa. Da suka bi diddigi, a 2014 suka gano cewa wata ƙwayar gado daban ce, mai suna NUDT15, ke jawo haka a mutanen Gabashin Asiya, kuma yanzu a can ana yin gwajinta kafin a ba da maganin. Da sun tsaya a kan littafin Turai da har yau suna cutar da mutanensu a kan ƙa'ida. Allurar infiliksimab kuma, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998 kuma ta sauya rayuwar masu cutar Crohn, a 2001 aka fitar da rahoton mutum 70 da ta tayar musu da tarin fuka da ke kwance. Irin waɗannan magunguna suna tayar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B ma, wani lokaci har hanta ta gaza cikin 'yan makonni. Ban da wannan, akwai wata cuta da ke toshe hanyoyin ruwan ɗaci a cikin hanta, wadda a Arewacin Turai kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita suna da kumburin hanji. Saboda haka hanta da hanji ba sa rabuwa, ko a jiki ko a wajen magani.

Idan aka zo ga hantar kanta, alƙaluman da ke hannu sun isa su hana mutum barci. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018, wanda asalinsa domin ƙanjamau aka shirya shi amma aka haɗa da gwajin hanta, ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, 9 cikin 10 ƙwayar ba za ta bar jikinsa ba, alhali babba idan ya kamu kusan kullum jikinsa yana korar ta. A ƙasarmu yawanci a ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa, ko daga yaro zuwa yaro, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko cire belu ko tsaga ba a tafasa ta ba. Daga nan sai ta yi shiru shekara 20 ko 30, ba ciwo ba shawara, sai ranar da ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi rawaya, dangi su fara cewa sammu ne. Wani nazari da likitocin ƙasashen Afirka da dama, har da na Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan, suka buga a 2017 ya nuna cewa a wajen Masar matsakaicin shekarun mai sankarar hanta 46 ne, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ciwon. Na sha karɓar jinin irin waɗannan magidanta, kafin sakamako ya fito a ce an tafi da su gida.

Amma a wannan fanni ne kuma muke da hujjar cewa bincike a Afirka yana yiwuwa kuma yana da tasiri. Bayan Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1976, sai Palmer Beasley ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707 a Taiwan, ya nuna a 1981 cewa masu ɗauke da ƙwayar su ne sankarar hanta ke kamawa. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kuma a 1997 aka tabbatar da cewa sankarar hanta ta ragu a yaranta. A nan Yammacin Afirka, Gambiya ce, duk da ƙanƙantarta, ta fara wani dogon bincike a 1986 tare da cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa, aka riƙa shigar da rigakafin yanki bayan yanki har zuwa 1990, aka kuma ci gaba da bin yaran har suka zama manya, aka ga allurar ta kare sama da kashi 90 cikin 100 daga zama masu ɗauke da ƙwayar. Mu sai a 2004 rigakafin ya shiga jerin alluran yara.

Abin da ya fi burge ni shi ne na baya-bayan nan. Gwajin ƙidaya ƙwayar cutar a jini yana da tsada, na'urar auna taurin hanta kuma ba ko'ina take ba, saboda haka a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da wani lissafi mai sauƙi da ake kira APRI, wanda ake fitarwa daga gwajin aikin hanta da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, idan ya haura 2 a ɗauka hanta ta taurare a fara magani. Sai wata ƙungiyar masu bincike mai suna HEPSANET ta tattara bayanan marasa lafiya sama da 3,500 daga ƙasashe 8 na Afirka, ciki har da Najeriya, ta buga a 2023 cewa wannan layi na 2 ba ya kama ko mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda hantarsu ta riga ta taurare. Wato shekaru ana sallamar mutane da cewa ba su kai a ba su magani ba, alhali hantarsu ta yi nisa. A 2024 hukumar ta sake ƙa'idojinta, ta sauko da layin fara magani zuwa 0.5, ta kuma faɗaɗa waɗanda suka cancanci shan tenofobir, maganin da ke danne ƙwayar nau'in B. Babu wata sabuwar na'ura da aka ƙera a wannan aiki. Likitoci ne suka rubuta sakamakon marasa lafiyarsu da kyau, suka haɗa wuri ɗaya, suka lissafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma batun funfunar gyaɗa da masara, wanda ya kamata ya dame mu, mu da muka yi suna da dalar gyaɗa. Gubar afulatoksin da wannan funfuna ke fitarwa, wadda aka gano bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa, tana jawo sankarar hanta ita kaɗai, idan kuma ta haɗu da ƙwayar nau'in B haɗarin yana ninkawa sosai. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an yi wani gwaji a ƙauyuka 20, aka koya wa rabinsu tsince gyaɗar da ta lalace, da shanya ta a kan tabarma har ta bushe sarai, da zuba ta a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako maimakon ƙasa. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan wata 5 da girbi gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe domin rage gubar tun daga gona. Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san cewa gyaɗar da aka tsince aka ware ba zubar da ita ake yi ba, ita ce ke komawa ƙuli-ƙuli da mai na masu ƙaramin ƙarfi. Ya kamata a ce wata jami'armu tana auna wannan guba a jinin yaran da ke cin ƙuli-ƙulin.

Masar ta nuna abin da gwamnati ke iya yi idan ta yarda da alƙaluman kanta. Allurar tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa sosai ba, daga shekarun 1950 zuwa 1980, ta bar ƙasar da ciwon hanta nau'in C fiye da ko'ina a duniya. Da maganin sofosbubir ya fito a ƙarshen 2013 a kan dala 84,000 a Amurka, sai Masar ta yi ciniki ta samo shi da rahusa mai yawa, daga baya kamfanoninta suka riƙa yin sa da kansu, ta gwada maganin a kan nau'in ƙwayar da ya fi yawa a ƙasarta, sannan daga 2018 ta gwada jinin mutum kusan miliyan 50 cikin 'yan watanni. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zama ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Na san abin da zai zo ran mai karatu a Kano da zarar an ambaci gwajin magani, kuma yana da gaskiya, domin wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka shigar, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wani abin lura shi ne cewa a 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da wannan magani saboda yana lalata hanta. Wannan tabo ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau yana nan a zukata. Sai dai darasin da na ɗauka daga ciki shi ne cewa inda babu ƙwararrun masu bincike na gida da kwamitocin sa ido masu haƙora, nan ne baƙo ke yin yadda ya ga dama. Tun 2007 Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma asibitocin koyarwa suna da kwamitocin da ke tantance kowane bincike, NAFDAC kuma ita ke ba da izinin gwajin magani. Haƙƙin mara lafiya ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa haɗari da amfani, a ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa, kuma idan ya ƙi ko ya janye kada a rage masa komai na kulawa. Takardar amincewa da aka rubuta da Turanci aka sa mutum ya dangwala yatsa ba amincewa ba ce.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, tare da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Najeriya, su buɗe rajista guda ɗaya ta masu kumburin hanji, a riƙa rubuta shekarun kowa da garinsu da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a gano ciwon, da matsayin hantarsa da ƙirjinsa, da maganin da aka ba shi da yadda ya ƙare, ba tare da bayyana sunan kowa ba. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu yana da kason bincike, kuma irin wannan aiki ma'aikata da kwamfuta da haƙuri yake ci, ba gini ba. Idan aka ja takwarorinsu na Yamai da Damagaram da Maraɗi cikin tafiyar zai fi kyau, tunda marasa lafiyar iri ɗaya ne kuma kullum suna tsallaka iyaka neman magani. Sannan jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, ma'ana kowane mako ana gano matasa masu ɗauke da ƙwayar. A yanzu abin da sakamakon ya fi haifarwa shi ne fasa aure da tsangwama, alhali wanda ba shi da ita rigakafi zai yi a ɗaura aure lafiya. Ya kamata kowane saurayi ko budurwa da aka gano a haɗa shi da asibitin da zai riƙa duba hantarsa, kuma a tattara alƙaluman domin a san ƙananan hukumomin da cutar ta fi yawa. Haka nan allurar farko da ya kamata a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, a yankin da galibin mata a gida suke haihuwa, tana buƙatar a gwada hanyoyin kai ta gida ta hannun ungozoma da masu unguwanni, a auna wadda ta fi aiki, maimakon a ci gaba da jiran ranar suna ko bayan arba'in.

Yaron namu an fara ba shi tenofobir, daga baya aka ɗora shi a kan maganin hanjin, yanzu ya koma kan kekensa ya mayar da shi cikin shago, ƙannensa biyu da gwaji ya nuna ba su kamu ba an yi musu rigakafi, mahaifiyarsu kuma an gano tana ɗauke da ƙwayar. Duk wata 3 yana komawa asibiti a ɗebi jininsa, fayil ɗinsa har ya yi kauri an ɗaure shi da zare, kuma ya ce in rubuta a nan cewa ya yarda a yi amfani da abin da ke ciki idan an zo yin rajistar. Ina roƙon wannan jarida ta tura wakilanta asibitocin koyarwa na Arewa su tambayo na'urar leƙa hanji nawa ce ke aiki a kowanne, nawa ake biya, wata nawa ake jira, da kuma masu kumburin hanji nawa suke gani a shekara, ta buga amsar kafin ranar 28 ga Yuli, wato ranar ciwon hanta ta duniya.

Wassalam.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin gwajin jini mai ritaya,
Kano.